Kwalliyar Kaka a Amurka da Haɗarin Wayar Wucin Gadi

Da zarar Oktoba ya kama a Amurka, ganyaye sun yi ja sun fara zuba, sai unguwanni su ɗauki haramar ƙawata gidaje. A jera kabewa a bakin ƙofa, a jingina busassun karan masara da dammunan ciyawa a baranda, a kewaye tagogi da igiyoyin ƙananan fitilu. Hidimar kan soma da bikin Halowin na 31 ga Oktoba, ta ratsa bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, ta dangana da Kirsimeti. Al'adar ado da fitilu ta daɗe, domin tun 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayayen lantarki 80 a bishiyar Kirsimeti a gidansa na birnin Niyok.

A watan Oktoba ne kuma 'yan kwana-kwanan ƙasar ke gudanar da makon wayar da kai kan gobara, don tunawa da wutar da ta cinye babban sashe na birnin Cikago a 1871. Abin da ke tayar musu da hankali a lokacin ado shi ne haɗuwar abubuwa biyu: wayar da aka ja don kwana kaɗan, da busassun kayan da ƙyastawa ɗaya ta ishe su.

Kowace waya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kamar jakin da ake labta wa kaya. Galibin layukan cikin gidajen Amurka amfiya 15 ne a kan bolt 120, wato wat 1,800. Na'urar ɗumama ɗaki guda ɗaya kan sha wat 1,500. In aka ƙara mata fitilu da 'yan tsanan nan da fanka ke hurawa, layi ya cika. Makunnin kariya zai faɗi ya yanke wutar, kuma faɗuwar tasa gargaɗi ce, don haka a rage kaya kafin a tayar da shi. Matsalar ita ce siririyar wayar jona tana iya yin zafi tun makunnin bai ji komai ba. In kuwa an binne ta ƙarƙashin kafet, ko ƙyaure ya matse ta, zafin ba shi da hanyar fita. Robar ta yi laushi, ta narke, zaruruwan tagulla su haɗu, sai tartsatsi.

Shi ya sa ake shawartar kada a jona fiye da igiya uku ta fitilu masu tsofaffin ƙwayaye a jere. Fitilun LED sun fi sauƙi, ba sa shan wuta sosai kuma ba sa zafi. Kafin a rataya na bara, a bi igiyar da yatsa daga filogi har ƙarshe. In an ji tsagewa, ko an ga tagulla a waje, a jefar, kada a naɗe da salatif. Kada kuma a kafe waya da ƙusa a bango.

Adon waje yana da nasa sharaɗin, saboda raɓa da ruwan sama. Kamfanin gwajin kaya na UL kan manna jan tambari a fitilun da suka dace da waje, kore kuma na cikin ɗaki ne kawai. Soket ɗin waje ana so ya zama mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa, ko da miliamfiya biyar ce, kafin ta ja mutum. Kyandir ɗin da ake sakawa cikin kabewa kuwa, 'yar fitilar batir ta fi shi aminci.

Mu ma muna rataya irin waɗannan fitilu a Maulidi da gidajen biki, kuma hunturu kan busar da zana da katako su zama makamashi. Wutarmu bolt 230 ce, don haka fitilar gwanjo da aka ƙera don bolt 120 ƙonewa za ta yi in aka jona ta kai tsaye. Ga ɗabi'ar cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana, ga ɗaure fis da waya in ya tsinke. Mai yin haka ya cire abin da aka sa don ya tsinke a madadin gidan.

Bayan an kunna ado da ɗan lokaci, a taɓa filogi da bayan hannu. In ya yi zafi, ko an ji ƙaurin roba, a kashe. Kafin a kwanta ko a fita, a zare komai, musamman in an ɗauke wuta, don ba a san sa'ar da za a dawo da ita ba. In kuma gobara ta tashi daga waya, a fara kashe babban makunni, kada a watsa ruwa muddin akwai lantarki a jikinta.