Jan Kunne Ga Iyayen Masu Koyon Haɗa Kwamfutoci

Edita,

Bari in ja kunnen 'yan'uwana 'yan tireda. Ɗana na shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, ta gwanintar haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Na taɓa jarina na saya masa na'urori uku 'yan gwanjo, ya jera a soro yana gwaji. Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, biyu suka ƙone ƙurmus. Ashe akwai manhajar Packet Tracer da Cisco ke bayarwa kyauta, tana kwaikwayon na'urorin a kwamfuta ɗaya! Jama'a, yaro ya fara da ita tukuna, a tara kuɗin jarrabawa, dala 300 ne. In an sayi na'ura kuwa, a haɗa da sitabilaiza.

Wani ɗan tireda,
Funtuwa.