Taswirar da ta hana a manta da unguwar District Six

A ranar 11 ga Fabrairu, 1966, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ayyana District Six, tsohuwar unguwa a tsakiyar birnin Cape Town, a matsayin yankin Turawa zalla. Hujjar hukuma ita ce unguwar ta zama matattarar ƙazanta da miyagun laifuffuka, don haka dole a rushe ta a sake gini. Zuwa 1982 an kwashe mutane fiye da 60,000 zuwa filayen Cape Flats da ke bayan gari. Katafila ta baje gidajensu, ba ta bar komai ba sai masallatai da coci-coci da gine-gine ƙalilan. Har sunan ma aka sauya zuwa Zonnebloem.

A Disamban 1994, bayan faɗuwar mulkin wariya, tsofaffin mazauna da masu zane suka haɗu a wani tsohon cocin Methodist da ke titin Buitenkant, suka shimfiɗa katafariyar taswirar unguwar a daɓe. Dattawa suka riƙa durƙusawa suna rubuta sunayen iyalansu daidai inda gidajensu suke a dā. A sama aka rataya allunan sunayen tituna na asali, waɗanda wani shugaban ma'aikatan rusau ya ɓoye bayan an umarce shi ya zuba su a teku. Akwai kuma dogon ƙyalle da mutane ke rubuta abin da suka tuna a kansa, daga baya a bi rubutun da zare da allura don kada ya goge. Baje kolin da aka shirya na 'yan makonni shi ne ya zama gidan tarihin District Six na yau.

Kundin hukuma fuloti da gini yake ƙirgawa. Taswirar kuwa ta adana abin da ba a biyan diyyarsa: wane ne maƙwabcin wane, kuma a wane lungu yara suke wasa.

A 2004 Nelson Mandela ya miƙa makullan sababbin gidaje ga mutanen farko da suka dawo, a 2019 kuma aka maido wa unguwar sunanta. Sai dai aikin mayar da mutane ya yi ta jan ƙafa, dattawa da yawa sun rasu suna jira. Sunayen da wasunsu suka rubuta da hannunsu suna nan a daɓen cocin.