Damargu: tarho mai faifai yana amsa kira, amma ya ƙi kira

A wasu ofisoshi da kantunan Tanut, da gidajen tsofaffin ma'aikata har zuwa Belbeji, ana iya tarar da tarhon nan mai faifan lambobi, irin wanda ake murzawa da yatsa. Galibinsu samfurin S63 ne na Faransa, wanda aka ƙera fasalinsa a 1963. Kukan masu shi ɗaya ne: idan aka kira daga Damagaram ko Agadas yana ƙara, ana jin magana sarai, amma in aka murza lamba ba ta tafiya. Ga mai son jin farashin tiyar hatsi kafin ya yi lodi, ko ma'aikacin da zai isar da rahoto, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sai dai sau da yawa laifin ba na tarhon ba ne.

Faifan nan ba ya aika sauti. Abin da yake yi shi ne katse wutar layi yayin da yake komawa mazauninsa: lamba 1 katsewa ɗaya, lamba 5 katsewa biyar, sifiri kuwa goma, duka a kan saurin katsewa goma cikin sakan guda. Na'urar gidan waya ce ke ƙirga su. Wutar ma, mai ƙarfin bolt 48, daga can take zuwa, shi ya sa tarhon ke aiki ko da NIGELEC ta ɗauke tata. Ke nan jin magana da aika lamba hanyoyi ne daban-daban, ɗaya na iya lalacewa ɗaya na lafiya.

Matakin farko shi ne a duba takardun biya. Layin da ake bi bashi akan toshe masa fita a bar masa shigowa. Wanda ya gaji layi tun zamanin OPT, ko na SONITEL da aka kafa a 1997, ya sani cewa tun 2016 lamarin yana hannun Niger Telecom, bayan haɗe SONITEL da SahelCom. Can zai tambaya. Kazalika tun 2006 lambobin ƙasar nan sun koma takwas, an ƙara 20 a gaban na tarhon gida. Mai murza lambobi shida na tsohon littafinsa ba zai samu kowa ba.

Mataki na biyu, a gwada layin. A ɗaga kan tarho, a saurari ƙarar layi, sannan a danna maɓallin da ake aza shi a kai sau ɗaya, da sauri, a saki. Wannan daidai yake da murza lamba 1. Idan ƙarar ta yanke, layin yana fahimtar katsewa. Idan ta ci gaba, to na'urar da aka haɗa tarhon da ita sauti kaɗai take ji, wato tsarin maɓallai da aka fara a Amurka a 1963. Haka akasarin akwatunan intanet suke. Maganinsa ƙaramar na'ura ce mai mai da katsewa ta zama sauti, ana sa ta tsakanin tarho da layi.

Sai an wuce waɗannan biyu za a tuhumi faifan. A murza sifiri a saki, ana duban agogo: ya kamata ya koma cikin kusan sakan ɗaya, ba tare da tangarɗa ba. A nan ne ƙurar Damargu ke ɓarna. Hazon hunturu yana shiga cikin ɗan birkin da ke daidaita saurin faifan, ya haɗu da tsohon mai ya daskare. Faifan ya yi nauyi, gidan waya ya ƙirga ba daidai ba. Lambobin da suka fi shan wahala su ne 0 da 9 da 8, ga shi kuwa duk lambar tarhon gida mai farawa da 20 tana da sifiri.

Gyaran ba shi da wuya. A cire waya daga bango, a buɗe murfin, a share ƙura da burushi mai laushi. Tsakanin ƴan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa a bayan faifan, a zura farar takarda a ja a hankali har ta daina fitowa da baƙi. Kada a kankare su, kada a lanƙwasa su. Ɗigon man keken ɗinki ya isa a kan ƙusar da faifan ke juyawa, amma kada ya taɓa birkin. Man gyaɗa da baƙin man mota kuwa ƙura suke kira. Kuma a bar tura faifai da yatsa don ya koma da wuri, domin hakan ke ɓata ƙirga.

Salula ta karɓe kasuwa, wannan ba gardama. Amma inda wayar tagulla ta rage, tarhon da ba ya neman caji yana da ranarsa, da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a jefa shi cikin tarkace, ko a ba mai gyara jaka biyu, a bi matakan nan uku bi da bi.