Baƙin tabon fuska: inuwa da man likita, sannan haske

Masu karatu, a garuruwan Madarumfa muna ganin mata masu baƙin tabo a kumatu da goshi da saman leɓe. Tabon ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Amma yana sa mace kunya, har ta kai kuɗin zogalarta ga mai sayar da man ƙara fari.

Me ke kawo shi?

Fatarmu tana da launin da ke kare ta daga rana. Wani lokaci launin yakan taru wuri ɗaya. Juna biyu na tayar da shi, haka ma gado. Rana kuwa ita ce ke ƙara masa duhu. Saboda haka mai aiki a lambunan Jiratawa ko bakin tabki ta fi fama da shi.

Man kasuwa

Wasu mayukan ƙara fari suna ɗauke da zaiba, mai lalata ƙoda. Wasu suna da kotizon, mai sa fata ta yi siriri, ta fito da ƙuraje. Da farko fuska takan yi haske, daga baya tabon ya dawo ya fi da. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ƙasar Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015.

Magani hawa uku ne

Na farko, inuwa. A sa malfa mai faɗi. A yi ban ruwa da sassafe ko da maraice.

Na biyu, man da likita ya rubuta. Akan shafa shi kan tabon kaɗai, na ƴan watanni, sannan a koma likita ya duba. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa masa tun farko.

Na uku, na'urar haske da ake kira leza. Likitan fata ne kaɗai ke aiki da ita, idan mai ya kasa. Akan haɗa ta da mai, domin ita kaɗai tana iya ƙona baƙar fata, tabon ya ƙaru. Ba tare da inuwa ba, duk biyun aikin banza ne.

Tabon juna biyu sau da yawa yakan dushe bayan haihuwa. Wanda ya ƙi tafiya, a kai shi asibitin Madarumfa. In da bukata, za a tura mai shi Maraɗi. Mu da muka iya karatu, mu karanta wa maƙwabtanmu wannan shafi.