Me ya sa wata goribar ke yin 'ya'ya, wata kuwa ko ɗaya?

Duk wanda ya saba bin hanya tsakanin Talata Mafara da Bakura, ko ya gangara fadamun Maradun, ya san goriba da giginya. Muna gwaguyar goriba a tsakar makaranta, muna sayen muruci, muna zama a kan tabarmar kaba. Amma sau da yawa mukan ga goriba biyu dab da juna, ɗaya ta yi nauyi da 'ya'ya, ɗayar kuwa fayau. Dalilan hakan uku ne.

Na farko, goriba da giginya da dabino duk suna da namiji da mace. Namijin yana yin fure mai ɗauke da wani gari mai laushi, amma ba ya 'ya'ya har abada. Sai iska ko ƙwari sun kai garin nan kan furen macen sannan 'ya'ya su ƙullu. Shi ya sa manoman dabino ba sa jiran iska: sukan yanko furen namiji, su hau macen, su ɗaura shi a cikin nata. Mace kuwa in ta rasa namiji a kusa, furenta kan tashi a banza.

Na biyu, ruwa. Damina a yankinmu wata huɗu ce ko ɗan fiye, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin, itatuwan nan da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke rayuwa. Saboda haka muka fi ganinsu a fadama da bakin gulbi, inda saiwa ke cimma laima. In ruwan ya yi nisa, itaciyar ba lallai ta mutu ba, sai dai takan rage fure, 'ya'yan da ta ƙulla kuma su zube tun suna ƙanana.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, don noman rani. Gonakin da magudanan ruwa suka ratsa sun samu laima har cikin rani, amma fadamun da ke can ƙasa da madatsar sun samu raguwar ambaliyar da ke jiƙa su duk shekara. Abin da ya canja tafiyar ruwa a fadama, ya taɓa itatuwan da ke tsaye a cikinta.

Dabino nasa sharaɗin ya fi tsauri: yana son ruwa a gindi, busasshen zafi a sama. In ruwan sama ya same shi yana nuna, sai ya tsage ya ruɓe. A can kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru kuwa akwai danginsu masu hawan itatuwa kamar igiya, waɗanda ake saƙa kujeru da su, ana kiransu ratan. Su ruwan sama mai yawa suke so, kuma a wasu irinsu kara ɗaya sau ɗaya tak yake fure, ya yi 'ya'ya, ya mutu.

Na uku, hannunmu. Kabar da muke yanka ƙaramar goriba ce. In ana sassabe ta kullum, ko wutar daji tana cin ta, ba za ta miƙe ta kai shekarun fure ba. Giginya takan kwashe fiye da shekara 10 kafin furenta na farko, amma a yini ɗaya ake kayar da ita don azara. Muruci ma tsiron giginya ne: kowane ɗaya da muka ci, giginya guda ce da ba za ta girma ba. Cin muruci ba laifi ba ne, matuƙar ana barin wasu a ƙasa.

Ga aikin da kowane aji zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ku zaɓi goriba ko giginya 10 kusa da makarantarku, ku ba kowace lamba. Duk wata ku rubuta wadda ta yi fure, wadda ta ƙulla 'ya'ya, da nisanta daga gulbi ko rijiya. Ku tambayi dattawan unguwa wacce ce namiji, wacce ce mace. In shekara ta zagayo, ku kai wa malamin aikin gona littafin, ku duba tare waɗanne ne suka fi haihuwa, da waɗanda bai kamata gatari ya taɓa ba.