Hutun Haihuwa da Sana'ar Gefe: Matsayin Ma'aikaciya a Idon Doka

JOS — Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin kayayyaki da ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, albashi shi kaɗai ya daina riƙe gida a birnin Jos, kamar yadda yake a sauran biranen ƙasar nan. Wannan ne ya sa wata tambaya ke yawan tasowa tsakanin masu kamfanoni da ma'aikatansu mata: shin ya halatta ma'aikaciyar da ke hutun haihuwa, tana kuma karɓar albashin hutun, ta riƙa gudanar da sana'ar kanta daga gida? Amsar ta dogara ne a kan wanda ya ɗauke ta aiki.

Ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya shi ne madogara. Sashen ya ba mai juna biyu damar barin aiki mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki cikin mako shida bayan ta sauka, wato kusan daidai da kwana arba'in na wankan jego da aka sani a ƙasar Hausa. Idan ta cika wata shida tana aiki a wurin, wajibi ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba, kuma ba a sallamarta saboda wannan hutu.

Sai dai sashen bai ce komai ba game da ɗinki, ko saƙa, ko sayar da atamfa da turaren wuta ta waya, da mai jego za ta iya yi a ɗakinta. Saboda haka abin dubawa shi ne takardar yarjejeniyar aiki. Idan takardar ta hana ma'aikaci yin wata sana'a ba da izini ba, to hanin yana nan daram har cikin hutu, domin hutu ba ya raba ma'aikaciya da kamfaninta. Idan kuwa takardar ta yi shiru, da wuya kamfani ya sami hujjar tsayar da albashin, muddin sana'ar ba ta yi gogayya da tasa ba, kuma ba a yi amfani da kayansa ko abokan cinikinsa ba. Duk saɓanin da ya taso, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Jos, ita ce mai hurumin raba gardama.

Lissafin da ke tura mata ga sana'a a fili yake. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. Rabinsa Naira 35,000 ke nan, a daidai lokacin da kuɗin asibiti, da ragon suna, da kayan jariri suka haɗu wa iyali gaba ɗaya.

Al'amarin ma'aikatan gwamnati dabam ne, kuma Jos gari ne na ma'aikata: ga Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, ga hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, ban da ma'aikatun jiha. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba da hutun da bai gaza mako 16 ba tare da cikakken albashi. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun kai nasu wata shida. Amma wannan gata yana tafe da sharaɗi. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kowace irin sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Wanda Kotun Ɗa'ar Jami'an Gwamnati ta samu da laifi yana iya rasa muƙaminsa.

A nan ne yanayin Filato ya yi wa ma'aikaciya rana. Wadda ke da gonar dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu, ko fadamar kabeji da karas da ake kai amfaninta kasuwar Farin Gada, ba ta saɓa doka ba ko da tana cikin hutu. Wadda kuwa ta buɗe shago a Taminus tana juya shi da hannunta, ta taka layin da tsarin mulki ya shata.

Idan aka waiwayi Birtaniya, za a ga an fayyace batun dalla-dalla. Ana biyan kuɗin haihuwa na doka har mako 39, mako shidan farko a kan kashi 90 cikin 100 na albashi. Sana'ar kai ba ta tsayar da kuɗin, amma kama aiki da sabon kamfani bayan haihuwa yana tsayar da shi. Bugu da ƙari, gwamnati na mayar wa kamfani aƙalla kashi 92 cikin 100 na abin da ya biya. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ita ma ta nemi mako 14 da kashi biyu cikin uku na albashi, daga asusun inshora ko baitulmali.

A Nijeriya kuwa, nauyin duka yana wuyan mai kamfani. Mai ƙaramar makaranta ko gidan burodi a Bukuru zai biya mai hutu, ya kuma biya wadda ta riƙe mata aiki. Shi ya sa ransa ke ɓaci idan ya ji tana ciniki, har wasu ke jan ƙafa wajen ɗaukar matan aure aiki. Ita kuwa mai rumfa a Katako ko Kwararafa ba ta da kowane irin albashin hutu, ga shi ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba sa cikin tsararren aikin albashi. Adashe da taimakon dangi su ne inshorarta.

Kafin a samar da asusun da zai raba wannan nauyi, abin da ya rage wa mai kamfani shi ne ya rubuta a takardar aiki irin sana'ar da ya yarda da ita da wadda bai yarda ba. Ma'aikaciya kuma ta nemi izini a rubuce tun kafin ta tafi hutu, ta kuma bar mako shidan farko ga lafiyarta da ta jaririnta, domin jari ne da asararsa ba ta da mayarwa.