Tsarabar Da Ba A Nunawa: Ciwon Sanyi, Tunjere Da Sida A Hanyar Abalessa

Galibin masu zuwa Abalessa kabarin Tin Hinan ke kawo su, watau sarauniyar nan da Buzayen Ahaggar suka ɗauka uwa, wadda aka tone kushewarta a 1925 aka kai ƙasusuwanta gidan tarihi na Bardo a Aljiyas. Mu kuwa Hausawa neman abinci ya kawo mu wannan gari mai nisan kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset. Wani yana aikin lambu, wani birkila ne, wani kuma ya yada zango ne kawai. Tun da aka sami zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samarin da ke ratsa wannan hamada sun ƙaru ainun. Mutum ya bar iyali a Damagaram ko Tawa ko Katsina, ya shekara, wani ma ya shekara biyu. To, zuciya ba ta da ƙashi, kuma ba duk tsarabar da ake komawa da ita gida ce ake kwancewa a gaban jama'a ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an sami sabon kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu da ake ɗauka ta hanyar saduwa, watau fiye da miliyan guda kowace rana. Miliyan 82 daga ciki ciwon sanyi ne. Duka huɗun kuwa suna warkewa sarai in an sami maganin da ya dace.

Matsalarmu ta farko ita ce kalmar “sanyi” kanta. Ciwon baya sanyi, ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, har ana ɗora wa masai laifi. Ciwon sanyi na ainihi ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa. Namiji yakan gane cikin mako guda, don fitsari zai yi masa zafi kamar barkono, ga kuma mugunya. Mace ce abin tausayi, domin mata da yawa ba su jin kome. Ƙwayar sai ta haura mahaifa a hankali, ta toshe hanyoyin da ƙwai ke bi. Bayan shekara uku ko huɗu a fara cewa wance juya ce, dangin miji su shiga zancen ƙarin aure, a yi ta kai kuɗi wurin masu rubutu da masu saiwa, alhali maigidan ne ya zo da abin cikin jikinsa. Wata kuma cikin ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini ya zuba a ciki; in ba a kai ta ɗakin tiyata da gaggawa ba, sai dai wani zance. Jaririn da aka haifa ta wannan hanya yakan tashi da ido mai mugunya, har ya makance.

Tunjere ya fi wayo. Kamar mako uku bayan kamuwa ƙurji guda zai fito, ba zafi, ya warke da kansa. Mai shi ya ce Alhamdu lillahi. Daga baya ƙuraje su feso, har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace. Ƙwayar tana nan kwance cikin jini, bayan shekaru ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido. Mai ciki kuwa takan yi ta ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai. Abin takaici, allurar fenisilin, wadda ke hannun likitoci tun shekarun 1940, ita ce maganinsa har gobe, kuma digon jini ya isa a gano shi wajen awon ciki.

Sai mu zo kan kafso. Kowa ya san masu tallan magani a faranti, daga tashar Agadas zuwa Arlit: a ba ka ja-da-rawaya guda huɗu, ka haɗiye, zafin ya lafa, ka ce ka warke. Ba ka warke ba, koya wa ƙwayar dabarar tsira ka yi. Da haka ciwon sanyi ya gagari fenisilin, ya gagari tetarasaikilin, ya gagari sifro, har yanzu allura guda, seftiriyazon, aka fi dogara da ita, kuma an fara ganin nau'in da ke bijire mata a wasu ƙasashe. Ga kuma wani kuskure: maigida ya sha magani a ɓoye, ya bar uwargida da amarya. Mako biyu ciwon ya komo masa daga ɗakinsa.

Sida, wadda mutanen Nijeriya ke kira ƙanjamau, an fara ganinta a Aljeriya a 1985. A wancan zamani “kabari salamu alaikum” ake ce mata. Wannan suna ya tsufa. Tun 1998 gwamnati ke ba da maganinta kyauta, akwai cibiyar kula da masu ita a Tamanrasset, kuma gwajin kyauta ne, ba a kuma bayyana sunan mutum. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini, ba ya sa wa matarsa, mai ciki kuma tana iya haifar ɗa lafiyayye. Amma a sani, gyambon tunjere da kumburin ciwon sanyi ƙofa suke buɗe wa sida. Ciwon hanta nau'in B shi ma ta wannan hanya yake bi, sai dai shi yana da allurar rigakafi.

Tsare kai shi ne gaba da kome, malamanmu sun sha faɗa. Wanda ya kasa, kwaroron roba na nan a kowane farmasi, kuma ya fi masa sauƙi bisa ga ɗaukar alhakin baiwar Allah da ke jiransa a gida. Na san da yawa daga cikinmu tsoron zancen takardu ke hana su kusantar asibiti, wasu kuma kunya da rashin Larabci ko Faransanci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a nemi amintacce ya yi tafinta.

Dokar iyali ta Aljeriya, tun gyaran 2005, ta wajabta wa masu aure kawo takardar likita wadda ba ta wuce wata uku ba, jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma auren da aka ɗaura a zaure da goro da fatiha, ba a je baladiya ba, babu mai tambayar wannan takarda sai waliyyin yarinya. Shi ya kamata ya nema, ko da angon ɗan ƙaninsa ne.